Matar da Ta Je Ban Gajiyar Mutuwarta

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma a makon jiya da hantsi Goggo ta riga mu gidan gaskiya. Sai dai a ƙauyenmu da ke arewa da Ɗambatta, labarin bai samu irin karɓar da ake yi wa labarin mutuwa ba. Dattijon da aka fara gaya wa a ƙofar masallaci ya buɗe baki zai yi salati, sai ya dakata ya ce, "Wa ya gani da idonsa?" Masu haƙar kabari suka ce ba za su taɓa diga ba sai an sake shiga an dubo. Aminiyarta kuwa, wadda duk muke kira Inna, da aka aika mata ko motsi ba ta yi daga kan tabarma ba.

"Ku koma ku duba da kyau," in ji ta. "Matar nan ta taɓa yi mana haka."

Baƙin da suka zo gaisuwa daga Kano sun ga abin da ya ɗaure musu kai: mata na share hawaye da bakin mayafi, suna kuma danne dariya da ɗaya bakin. Na ga gara in rubuta dalili, kada wata rana jikoki su ji labarin rabi da rabi su ɗauka mu mutane ne marasa imani.

Goggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta yi boko ba, kuma ban taɓa ganin alamar ta ji ta yi asara ba. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, amma babban aikinta na duniya zumunci ne, kuma da ƙafa take yinsa. Suna, biki, dubiya, gaisuwar mutuwa, daga nan har ƙauyukan Bagwai, in aka duba tsakar gida za a gan ta. Tana shiga za ta ce, "Ban zo zama ba." Ita ce kuma ta ƙarshen tashi, bayan ta faɗa wa matar gida abin da ya rage a miyarta.

A shekarun nan na wahala, lokacin da ruwa ke ɗaukewa gero bai gama ido ba, sabulu ya zama abin da ake bin layi a kansa, ta ɓullo da wata dabara. Duk gidan da ta lura hayaƙi bai tashi ba, sai ta shiga da ƙullin dawa ta ce, "Ajiye min wannan, gidanmu ɓeraye sun yi yawa. In kin ga zai lalace ki yi amfani da shi." Dawa ba ta lalacewa a yini ɗaya, kowa ya sani. Ba ta taɓa komawa karɓar ajiya ba, ba kuma wanda ya taɓa jin an ce an ba wance sadaka.

A tsakiyar shekarun ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Ƙafar hagu ta dawo kaɗan kaɗan, har tana iya takawa da sanda. Hannun hagu kuwa bai dawo ba. Ya lanƙwashe ya tsaya a kan ƙugunta, yatsun a dunƙule. Bakinta ne kaɗai ciwon bai kai gare shi ba, abin da wasu suka ɗauka rahama ce, wasu kuma jarrabawa.

Duk mun zaci da ƙafa ta warware za ta koma yawonta. Ba ta koma ba. Abin da ya tsare ta a ɗaki ba ciwo ba ne, zane ne. Ɗaurin zane aikin hannu biyu ne. Mai hannu ɗaya kuma sai ta zaɓa: ko ta riƙe sanda, ko ta riƙe zane. Matar ɗanta, mace mai haƙuri da ban ga irinta ba, ita ke ɗaura mata da safe tana kau da kai. Amma ɗaurin wani ba ya zama a jikin wani. Ko ya matse, ko ya zame, kuma duk fita bayan gida sai an sake.

"Yarinyar da na karɓa da hannuna a ƙofar gidan nan," Goggo ta ce da ni, "ita za ta riƙa ganin cinyata safe da yamma? Ina kunya ta tafi?"

Sai ta rage shan ruwa don kada ta riƙa buƙatar fita. Ta koma salla a zaune, ba don ƙafa ba, don tsoron abin da zai faru a ruku'u. Matar da ta san ƙofar kowane gida ta koma ba ta san abin da ke faruwa a zaurenta ba. Tana ramewa muna kallo, muna ɗora laifin a kan shekarar.

Ni kuwa ina ajin ƙarshe a kwaleji, sashen tattalin gida, an ce kowace ɗaliba ta ƙirƙiro tufa mai daɗin sawa wadda za a iya ƙara mata ko a rage mata, ta zana, ta ɗinka gwaji, ta kare shi gaban malamai. Ƙawayena suka ɗauki rigar masu juna biyu da kayan yara. Ni na ce zanen da mai hannu ɗaya za ta ɗaura da kanta. Malamar da ke duba aikina ta tambaye ni su wa za su saya. Na ce mata mutum ɗaya ce, ita ma ba ta amince ba tukuna.

Makaranta na da ƙa'ida mai kyau: ba a sa wa atamfa almakashi sai an gwada ɗinkin a farin alawayyo, mai araha, wanda in ya ɓaci ba a yi asara ba. Tana kuma da wata ƙa'idar ta zamanin tsuke bakin aljihu: tef ɗin awo na sashe ne, ba ya fita ƙofar ɗakin ɗinki. Duk wanda ya tsara ƙa'idojin nan mutum ne mai hankali. Abin da bai yi ba shi ne zama a ƙauye.

Haka na sauka daga mota a Ɗambatta, na ƙarasa gida da azahar, fuska a yamutse saboda rana, farin alawayyo a ninke a hammata. Dattawan da ke zaune gindin dalbejiya a ƙofar gida na gaishe su a gurguje na shige. Da yake ba ni da tef, sai na tsaya a tsakar gida na zaro karan dawa mai tsawo daga danga, na shiga da shi ɗakin Goggo. Matar ɗanta ta tafi rijiya. Tsayuwa na yi wa Goggo wuya a lokacin, don haka na ce ta miƙe a kan gado, na gwada karan a jikinta, na shimfiɗa mata yadin in ga inda zai tsaya. Ita kuma ta ja shi har kan fuska saboda ƙudaje.

Farin yadi ya shiga gidan mara lafiya. An zari kara, irin wanda ake auna mamaci da shi a kai wa masu haƙa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ga mutum a miƙe an rufe shi da fari. A kowace makaranta wannan hujja ce da ta isa a ba da maki.

Salatin farko da na ji daga bayan danga, na yunƙura zan fita. Hannun dama ya fito daga ƙarƙashin yadin ya cafke ni.

"Zauna," Goggo ta ce ƙasa ƙasa. "Bari mu ji."

Kafin a jima tsakar gida ya cika. Muka ji alheri iri iri, har da wanda Goggo ba ta tuna ta yi ba. Can sai ga Inna ta faɗo, ta ratso gonaki da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya ya tsaya a hanya. Tare suka tashi da Goggo tun suna 'yan mata masu tallan fura. Ta zube a ƙofar ɗaki tana kuka na gaske.

"Wayyo 'yar uwa! Hannu a sake, ƙafa ba gajiya. Bakin ne dai, Allah Ya yafe mata bakin." Ta ja majina. "Kuma tunda ta tafi a faɗi gaskiya, ƙuli-ƙulinta ya fiye gishiri. Shekara da shekaru ina ci ina shiru."

Maganar baki Goggo ta shanye ta, don ta san da ita. Gishirin ne ba ta iya ba. Yadin ya yaye.

"Na wa ya fiye gishiri?"

Ban taɓa sanin tsofaffin garinmu na da sauri haka ba. Inna kaɗai ce ba ta gudu ba. Ta tsaya tana kallon Goggo, hawaye bai bushe ba.

"Au, da ranki kika bar ni ina zubar da hawaye kamar mahaukaciya? To wallahi ƙafata ta bar gidan nan. In kina da magana ki tako ki same ni."

Ta fita da takalminta ɗaya.

Baba ya zo ransa a ɓace, don har an aika a ɗauko diga. Ya fara da ni, ya ce shi bai san abin da ake koya mana a Kano ba, amma ko akuya ta san ba a shiga gidan majinyaci da farin yadi a fili.

"Ƙyale ta," in ji Goggo. "Tun da na kwanta ban ga mutane a ƙofata kamar yau ba. Ashe sai na mutu za a zo." Ta juyo gare ni. "Ke Malama, zanen nan naki na jarrabawa, da gaske zai zaunu a jikina in yi tafiya?"

Na ce zai zaunu.

"To yi sauri. Akwai wadda zan je in ba amsa."

Alawayyon kuwa ta ƙwace shi ta cusa a adaka. Ta ce wannan ya riga ya san tsawonta, ba za a ɓata shi da almakashi ba. Sauran gwaje-gwajen duk da tsohon zanin gado na yi su, kuma a cikin jaka nake shigo da su.

Na daɗe ina zargin Inna ta san abin da take yi da ta ce a tako a same ta. Na tambaye ta daga baya, ta ce in bar ta da surutun 'yan boko.

Duk ƙarshen mako ina gida da sabon gwaji, Goggo kuma na zaune kamar alƙali. Na farko roba na sa a ƙugu. Ta dube shi ta ce, "Siket? Kin mai da ni 'yar firamare?" Ta daure ta sa shi yini guda, da yamma muka tarar robar ta ci fatar ƙugunta ta hagu, inda ba ta jin zafi balle ta faɗa. Daga ranar na san duk abin da zai taɓa ɓarin nan sai ya zama mai laushi, don ba shi da bakin kai ƙara. Zif ya faɗi tun a gwajin farko, shi ma hannu biyu yake so. Maɓalli ya yi ƙanƙanta. Zariya irin ta wandon maza ta yi kyau har aka zo ƙulli, Goggo ta gwada kamawa da haƙori, haƙoran da suka rage suka ce ba da su ba.

A ɗakin kwananmu na makaranta na riƙa ɗaure hannuna na hagu da ɗankwali ina kokawa da zane, har abokan kwanana suka fara yi min magana a hankali, irin yadda ake yi wa wanda karatu ya taɓa. A nan na gane abin da ya kamata in gane tun farko: a ɗaurin zane hannun hagu ba ya wani aikin fasaha, riƙewa kawai yake yi. Abin da ke riƙewa kuwa ba sai hannu ba. Na ɗinka ɗan kunne na ƙyalle a bakin zanen, na kafa ƙusa a bangon ɗakin Goggo daidai ƙugunta. Ta maƙala kunnen a ƙusa, ta juya, zane ya naɗe ta tsaf. Na tsaya ina jiran yabo.

"Madalla," ta ce. "In na je gidan mutane ya kwance fa? In ce su ba ni aron bango? Ko ƙusar zan riƙa yawo da ita da guduma?"

Ranar mun yi faɗa sosai. Na ce ita ba a iya mata, kowane abu sai ta samo masa aibu. Ta ce ita ba ta aike ni ba, ni na kawo kaina da karatuna. Cikin fushi ta daki hannunta na hagu da na dama.

"Ga wannan ragon nan yana zaune yana cin tuwo ba ya komai! In rataya kike nema, rataya masa!"

Zagi ta yi, ba shawara ba. Amma na dubi hannun: a lanƙwashe, daidai ƙugu, yatsu a dunƙule kamar ƙugiya, kuma duk inda ta je yana biye da ita. Na cire kunnen daga ƙusa na zura shi a babban yatsan. Ya riƙe.

Goggo ta sunkuya ta dubi yatsan.

"To," in ji Goggo. "Ashe yana da sauran amfani."

Sauran aikin na ƙarasa shi cikin natsuwa. Ta rataya kunnen a yatsa, ta kewayo da zanen da hannun dama, ta zura wani ɗan icce mai tsawon yatsa a cikin ɗaya daga kunnuwan da na jera a ƙugu, ta zare yatsanta. Iccen daga mazarinta aka yanko shi, tunda kaɗi ya riga ya bar ta. Jerin kunnuwan kuwa shekarar ce ta tilasta shi: da damina, kafin sabon hatsi, mutum kan koma kunnen ciki, da kaka ya dawo na waje, kuma babu mai halin ɗinka zane biyu don jiki ɗaya. Ɓarin hagu na shimfiɗa masa tsohon ƙyalle da wanki ya gama lausasawa. Sharaɗinta na ƙarshe shi ne kada kowa ya gane. Sai na bar wani leɓe a sama da ake ninkowa ya rufe iccen, ya fito kamar ɗaurin kowace mace. Da ta gamsu, ta buɗe adaka ta ba ni atamfarta mai ruwan ganye da ta daɗe tana ajiya.

Ranar da ta fita, an gama girbi, gonaki sun yi fili. Ta yi sallar asuba a tsaye, da ruku'u da komai. Ta sha ruwa kofi guda cur a gabanmu, kamar mai huce haushi. Da hantsi ta ɗaura zanenta, ƙofa a rufe, babu kowa a ɗakin. Ta fito ta karɓi wani ƙulli daga hannun matar ɗanta ta ɗora a ka.

"Kada ki biyo ni kamar jela," ta ce da ni.

Na bi ta daga nesa. Dattawan gindin dalbejiya suka miƙe tsaye ba tare da sun shirya ba. Ta bi ta cikin gonaki tana dogara sanda, tana jan ƙafa, tana tsayawa ta huta. Ni idona na kan ƙugunta. Zanen bai motsa ba.

Inna na tsakar gida tana sussukar gero. Goggo ta yi sallama, ta tsaya a tsaye don a gan ta da kyau.

"Na zo ban gajiya," ta ce. "An ce kin zo gaisuwar mutuwata har kin yar da takalmi. Allah Ya ba da lada, Ya bar zumunci."

Inna ta dube ta daga sama har ƙasa. "Wa ya ɗaura miki zane?"

"Wa ke ɗaura miki naki?"

Ta sauke ƙullin ta tura mata. Ƙuli-ƙuli ne, matar ɗanta ta soya, ita tana zaune tana ba da umarni. Inna ta gutsura, ta tauna, ta yamutsa fuska.

"Wannan ai lami ne. Ko ƙwayar gishiri babu."

"Haka kika ce kina so. Cinye."

Inna ta shimfiɗa tabarma. Goggo ta ce ba ta zo zama ba. Sai bayan la'asar na rako ta gida.

A kwanakin da suka biyo baya ta bi duk gidan da aka zo mata gaisuwa ranar nan, ɗaya bayan ɗaya, ta yi musu ban gajiya kamar yadda iyalan mamaci ke yi. Ta ce al'ada ce, kuma ba ta ga wanda ya fi ta cancantar zuwa ba.

Zanen bai je makaranta ba, don mai shi ta ce ba ta ba da aro. Na ɗinka wani na ɗaura wa mutum-mutumin ɗakin ɗinki, wanda ba shi da hannu ko ɗaya amma bai taɓa kokawa ba. Malamai suka zagaya shi, suka ce dabarar ta yi, sai dai ba shi da ƙawa. Maki matsakaici na samu. Da na gaya wa Goggo, ta ce a kawo mata malaman ta ɗaure musu hannu ɗaya su gwada.

Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka. Atamfa ta tsufa an sake wata, an sake wata, iccen mazarin dai shi ne, har ya yi sheƙi. Ta koma sunanta da bikinta da dubiyarta. In ta ji ciwon nan ya kwantar da wata a wani ƙauye, sai ta je ta rufe ƙofa su biyu, ta buɗe leɓen zanen ta nuna mata, sannan ta aiko min da saƙo: "Malama, an samo miki wata jarrabawar."

A makon jiya, da aka gama yi mata wanka, matar ɗanta ta buɗe adaka ta ɗauko alawayyon nan daga ƙasa. Ashe duk shekara Goggo na sa a wanke shi a mayar. Yana cikin abin da aka suturta ta da shi, kuma tsawon ya yi daidai.

Ana shirin fitar da ita aka kawo Inna a bayan babur, don yanzu ita ma ƙafa ta ƙi. Aka riƙo ta har ƙofar ɗaki. Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya kusa da kan, ta ɗaga murya yadda duk tsakar gida zai ji.

"Na ce ƙuli-ƙulinki ya fiye gishiri."

Gidan ya yi tsit. Har masu ɗaukar makara suka tsaya. Inna ta jira, ta ƙara jira, ta karkata kunne.

Sannan ta miƙe a hankali ta ce, "To. Wannan karon da gaske ne. Ku ɗauka."

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya yalwata mata makwanci, Ya suturta ta kamar yadda ta suturta gidajen da hayaƙi bai tashi ba. Ya yafe mata bakin, mu ma Ya yafe mana namu. Waɗanda suka tako, Allah Ya ba da lada. Ban gajiyar wannan karon, mu za mu zo.